Wutar da Na Jefa wa Zulai

Wata Laraba ce, a dogon hutun shekarar da na gama aji biyar, ruwan sama ya koro mu daga gonar gyaɗa tun kafin azahar. Muka cika zauren gidanmu a Roni, ƙafafu duk taɓo, sai Yaya Auwalu ya shimfiɗa wani kwali da ya zana wa gida-gida kamar na dara. A makarantarsu ta Kano ya koyo wasan. Shi ke ba da labari, mu kuwa kowa da jarumarta, wato murfin kwalba da 'yar takarda mai ɗauke da abin da take iyawa, ƙwayar ludo kuma ita ke raba gardama. Da Goggo ta leƙo ta ji ana zancen sihiri ta ɗaure fuska, Yaya ya russuna ya ce, "Tatsuniya ce, Goggo, sai dai tana da doka."

Dokar ba ta da sassauci. Ni ce mai jifa da wuta, amma sai inda jarumata take gani. In dutse ya tare, sai na zagaya. Nisa ma da tsinken tsintsiya Yaya ke aunawa, in ya wuce gida shida jifan ya tafi a banza. Asabe, maƙwabciyarmu da muke zuwa rijiya tare tun muna ƙanana, ita ce mai warkarwa. Ita sai ta matso ta taɓa mutum, kuma mutum ɗaya tak a kowane yaƙi.

Bayan mako guda Zulai, 'yar Baffana, ta zo hutu daga Kazaure da silifas mai fure da kitso ƙanana. Yaya ya ba ta jaruma mai takobi da sulke. Kafin kwana uku Asabe ta koma zama a gefenta, har dariyarta take kwaikwayo. Na daure, sai ranar da dodo ya kayar da mu biyu, ni da Zulai, a cikin kogo. Murfin Asabe na dab da nawa, amma ta tsallake ni ta yi tafiyar gida uku ta taɓa Zulai. Na zauna ina kallo har aka tashi.

Washegari aka ci gaba, jarumata ta farfaɗo. Ina da wata babbar wuta da ban taɓa jefawa ba: wuri ake zaɓa, ta cinye duk abin da ke cikin gida biyu a kewaye. Dodo na tsaye, Zulai na gabansa. Na ɗora yatsa a tsakaninsu.

Yaya ya dube ni. "Hindatu, kin san wutar nan ba ta bambanta naki da na wani?"

"Na sani, Yaya."

Ya karya tsinke ya fara juya shi a hankali. Ya taɓa dodo, ya taɓa Zulai, raina ya yi fari. Sai bakin tsinken ya zagaya bayan dutse ya taɓa murfin Asabe, wadda ta laɓe a can tana jiran ta ceci Zulai. Na ce ai ba na ganinta. Yaya ya ce wurin jifa kawai ake buƙatar gani, wuta kuwa tana zagaya dutse. Aka jefa ƙwaya. Zulai mai sulke ta tsira, jarumar Asabe ta mutu. Asabe ta ɗauki murfinta ta fita. Har hutun ya ƙare, da Zulai take zuwa ɗebo ruwa.

Yanzu yarana a waya suke irin wannan wasan, kowa a kusurwarsa, kuma sun ce wutarsu ba ta taɓa abokin tafiya, don haka ba mai dubansu ya tambaye su ko sun tabbata. Asabe tana aure a Babura. Muna haɗuwa a biki mu gaisa da fara'a, ba ta taɓa tambayata wa na nufa ba. Zulai ce aminiyarta har yau, ni kuma da hannuna na miƙa mata ita.