Mai Gangar da Muka Goge Sunansa

Shekara goma ke nan cif da rasuwar yayana Nasiru. Na so in rubuta addu'a kawai in ja bakina, amma raina a ɓace yake, gara in faɗa.

A watan jiya wata abokiyar aikina a asibiti ta miƙo min ɗan littafin da ƙungiyar kiɗan su Yaya Nasiru ta buga, tarihinta tun daga tushe. Irin kiɗansu shi ake kira hadko fank: jita mai ƙara, ganga kamar ana sussuka, waƙa ba ta wuce minti ɗaya da rabi, mawaƙi na ihu har jijiyar wuyansa ta tashi. Su huɗu suka kafa ta a ɗakin ƙasa na wani gida a garin Silver Spring, nan Amurka, Yaya Nasiru ne mai ganga, kuma shekara shida ya yi yana buga musu. Na bi littafin shafi-shafi. An ambaci mai jita, an ambaci wanda ya ba su aron mota, har karen maƙwabci ya samu shiga. Wurin mai ganga kuwa aka rubuta "wani aboki".

Na nemo lambar Danny, mawaƙinsu, na wanke shi tas. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Ai ke kika ce mu cire."

Nan take na tuna. Ranar sadakar uku 'yan ƙungiyar sun zo gidanmu, kai a aske, baƙaƙen kaya, suka tuɓe takalma a ƙofa ba wanda ya ce musu. Kawu Sale ya dube su sama da ƙasa, ya kira ni gefe. "Je ki gaya musu su cire sunansa daga faya-fayansu. Duk wanda ya saurara, zunubin kabari zai bi shi." Ni na kai saƙon, a kan matakala, da Turancina mai kyau. Ashe daga nan alƙalami suka saya, suka bi kwalayen da suka rage ɗaya bayan ɗaya suna shafe sunan.

'Yan ƙwaya, haka mutanenmu suke kiran su. Alhali dokar ƙungiyar ita ce ba giya, ba taba, ba komai. Magariba na yi sukan ajiye jita su jira shi ya idar da salla. A cikinmu babu ko mutum ɗaya da ya taɓa zuwa kallon wasansu, har da ni. Yau kuma waɗanda suka fi kowa zafi a lokacin su ne ke kai 'ya'yansu koyon fiyano a Bowie, su ɗauko mai kiɗa ranar biki har tagogi na rawa. Da Yaya Nasiru na nan, dariya zai yi, don shi fushinsa a kan ganga yake ƙarewa. Ni ce ba ni da ganga.

Ni ba malama ba ce, ba zan ba da fatawa ba. Abin da na sani shi ne, baƙi sun riƙe amanarmu shekara goma, mu kuwa kwana uku muka kasa riƙe tasa.

Na ce da Danny su mayar da sunan a bugu na gaba. Ya ce sai mahaifiyar Yaya Nasiru ta yarda. Na tuƙa zuwa Lanham na sami Hajiya tana tsintar shinkafa. Ɗan farinta ne, tun yana raye ba ta taɓa kiran sunansa ba. Na kunna mata waƙa ɗaya, ina jiran faɗa.

"Wanne ne shi?"

"Mai gangar, Hajiya."

Ta ajiye farantin. Kafin ta gyara zama waƙar ta ƙare.

"Shi ke nan? Mayar da ita farko." Sau uku ta saurara, sannan ta goge ido da bakin mayafi. "Ki ce su rubuta. Har da sunan ubansa."