Mai Buhu a Bayan Baturiya

Jikokina sun ce ban iya kallon fim ba. Su kawo mini na Indiya, na Sin, na Faransa, tsoho da sabo, a tashi ba zan iya faɗin wanda ya auri wa ba. Gaskiyarsu. Ni ba na kallon jarumi, ya isa da masu kallonsa. Mutanen baya nake bi da ido: mai shara, mai tura kura, wanda ya gifta titi bai san an ɗauke shi ba. Wannan hali ya samo asali daga wata damina a Tawa, 'yan shekaru bayan mun samu mulkin kai.

Lokacin ina ɗinki bakin kasuwa. Wana, wanda nake bi, ya tafi biɗa, wato neman kuɗi, Abijan kamar sauran samarin ƙasarmu ta Adar, tun Turawa na nan. Shekarar farko an ga saƙonsa, daga nan shiru. Masu dawowa wani ya ce ya gan shi, wani ya ce ya ji an ce zazzaɓi. Inna tana ƙauyenmu kusa da Tebaram. Ba ta yarda a yi masa sadakar mamaci ba, ba ta kuma yarda a taɓa gonarsa ba.

Silimar Tawa fili ce ba rufi, da benci da bangon da aka shafe da farar ƙasa. Fim ba ya iso mana sai ya gama yawon manyan garuruwa, ya zo duk karce, hoton kamar ana ruwan sama a cikinsa ko da rani. Ran nan bayan isha na shiga. Fim ɗin Faransa ne, wani Bature da Baturiya suna ta sallama a tashar jirgin ruwa, sun ƙi rabuwa, mu kuwa muna yi musu tsiya su yi su gama. Sai wani mai buhu a ka ya shigo ta bayan Baturiyar, yana ɗan jan ƙafar hagu. Raƙumi ya taka wana a wannan ƙafa muna yara. Ya zo tsakiya, ya waiwayo ya dube mu, ya wuce.

Ban san na miƙe ba sai da na baya suka ja mini riga. Tsoro na ji, ba murna ba, don kallon da ya yi mana irin na wanda ya ji an kira sunansa ne bai ga mai kiran ba.

Ran kasuwa na samu wani Buzu mai komawa wajenmu, na ce ya gaya wa Inna ta zo, ɗanta na bangon silima. Bawan Allah ya dube ni kamar mai taɓin hankali, amma ya kai saƙon.

Da ma fim mako guda yake yi kamiyo, babbar motar kaya, ya zo ya ɗauke shi. To ruwa ya cinye hanya, kamiyo bai zo ba, mai silima ya ci gaba da nuna abin da ke hannunsa. Na gode Allah. Sai dai ruwan da ya tsare fim ɗin shi ya tsare Inna, kuma zaren fim ɗin ya riga ya gaji. Kullum sai ya tsinke. Wani lokaci ya maƙale a bakin fitilar injin haska fim, ka ga rami ya buɗe a hoton yana ci kamar tsumma ya kama wuta. Mai injin ya sa almakashi ya yanke wurin da ya lalace, ya manne, a ci gaba. Kuma don ƙaddara daidai wurin tashar nan ya fi tsinkewa.

Ina zuwa kowace yamma ina ganin wana na raguwa. Da fari sai ya daina shigowa daga gefe, ka gan shi kawai ya bayyana a tsakiya. Daga baya waiwayen ya tafi. Na hau wurin mai injin, wani dattijo mutumin Damagaram mai warin man mannewa, na ce, "Malam, don Allah bar almakashin nan, ɗan uwana kake yankewa." Ya ce in bai yanke ba, 'yan kallo su jefe shi da takalma. Amma ya daina zubar da guntayen, yana tara mini su a gwangwani.

Da Inna ta iso, ƙafafunta sun kumbura, ta bar noma rabi. Na ce mata mutane za su yi magana, tsohuwa a silima. Ta ce, "Su yi. Ina shike?"

Muka zauna gaba. Ba ta taɓa ganin hoto na motsi ba, amma ko jirgin bai ɗauke mata hankali ba. Da aka zo tashar na kama hannunta. Baturiya ta ɗaga hankici, hoton ya yi tsalle, wata kafaɗa da gindin buhu suka fice ta gefen bango. Shi ke nan.

Ta ce, "Ya wuce?"

Na ce ya wuce. Ta zauna har ƙarshe, tana jiran ko ya dawo ta inda ya fita. Ban iya ce mata a nan ba a dawowa ba.

Da safe na kai ta wurin mai injin. Ya shimfiɗa mata tabarma, ya gaishe ta da "sannu da hanya, Inna," ya zazzage gwangwanin. Ya yi ta ɗaga guntaye ga rana har ya samu na waiwayen. Ya kwance gilashin injin mai ƙara girman abu, ya nuna mata yadda za ta riƙe.

Ta daɗe tana duba. Ni jira nake ta ce alhamdu lillahi, yana raye. Abin da na ɗauko ta tun daga Tebaram ta faɗa ke nan.

Ta ce, "Shi na. Ya rame."

Ta sake kai ido. "Dubi taguwar."

Na karɓa na duba. Saƙi ce mai ratsi, wuyanta a karkace. Ni na ɗinka ta da hannu ina koyo, ya yi ta yi mini dariyar wuyan. Na yi ta kallon fuskarsa a bango duk kwanakin nan, ban taɓa duba rigar ba.

Inna ta ce, "Da ita ya bar gida. Ko tsagewa ba ta yi ba. Ɗan dako taguwa ba ta kai mishi shekara. Wanga hoto na da ne."

Mai injin ya sunkuyar da kai. Ya san shekarun fim ɗin tun farko.

Ta ƙulle guntun a bakin zanenta, ta miƙe da ƙyar. Sai da muka kai bakin kasuwa ta yi magana, ba ta dube ni ba. Ta ce in aika wa kawunmu ya sayo gero, za a yi wa wana sadaka ran Juma'a.