Abin da Ya Jiƙa Lodin Maikasuwa

Ranar kasuwa aka haife shi, shi ya sa sunan yanka ya ɓace, Maikasuwa ya zauna. Da ɗora kaya ya fara a tashar Kazaure, a hankali har ya mallaki wata tsohuwar bas mai kariyar ɗora kaya a sama. Motar dai ba abin yabo ba ce. Ƙofarta sai an ɗaga take rufuwa, in za ta hau tudu sai fasinja sun taya ta da addu'a. Amma wajen lodin sama, ko wanda ba ya ƙaunarsa ya san ba a kama ƙafarsa. Sai ya share kariya, ya shimfiɗa buhuna saboda tsatsa, ya jera tabarmi, ya ɗora katifu da barguna, sannan ya lulluɓe da tamfol, bakinsa na kallon baya don kada iska ta cusa ruwa. Kuma ba ya iya yin shiru a kai. Gaisuwa kawai za ka tsaya yi, sai ka sha labarin ruwan da ya dake shi daga Babura har Roni bai jiƙa masa ko zare ɗaya ba. Matarsa Zulaiha takan ce da yana kula da rufin ɗakinta kamar na mota, da ta huta da tara kwanoni da damina.

Wannan ne ya sa matan da ke zuwa tsinkar gyaɗa ba sa shiga motar kowa sai tasa. Duk ƙarshen damina yakan kwashe su zuwa wata babbar gona a yankin Gwiwa, su yi mako guda suna kwana a bukkoki, kowace da ƙunshin shimfiɗarta.

Bara, wata Laraba, ya ɗauki mata tara. Jagorarsu dattijuwa ce da kowa ke kira Adda. Akwai kuma Kaltume, da goyon 'yarta Nafisat, 'yar wata bakwai. Yana shirin tashi aka kawo masa saƙon jarkar maganin ƙwari, a kai wa Sunday mai shagon kayan noma a Roni. Ya ƙi sa ta cikin mota don kada mata su shaƙa. Ya tsayar da ita a kusurwar kariya, ya ja tamfol ya rufe har da ita. A ganinsa ya yi dabara.

Suna isa gona hadari ya haɗo. Bai tsaya kwance tamfol duka ba, gefe ɗaya ya ɗage yana zaro ƙunshi yana miƙawa, mata na rugawa da su bukka. Ga iska, ga mura ta toshe masa hanci kwana uku. Ya ɗan ji danshi a tafin hannunsa, ya ɗauka yayyafi ne, ya goge a wando ya juya mota.

Sai bayan azahar ya isa shagon Sunday. Ya hau sama ya tarar da jarkar a kwance. Ya sunkuce ta da ƙarfin da ya ɗora ta da safe, sai ta taso masa ba nauyi, har ya kusa faɗowa ta baya. Murfin ya tsage. Buhunan da ke ƙarƙashinta sun jiƙe sharkaf.

Sunday ya karɓa ya girgiza, ya kau da fuska. "Baba, me ke kusa da ita?"

"Shimfiɗar mata."

"Wannan fa ba a tsarma shi ba. Murfi ɗaya ake zubawa a tankin feshi, kuma ta fata ma shiga yake. Akwai yaro a cikinsu?"

Maikasuwa ya ɗaga kai ya dubi saman motar. Ya tuna katifar da ya jingina da jarkar, wata ƙarama mai rigar atamfa. Kaltume ce ta roƙe shi ya sa ta can ciki, inda ƙura ba za ta taɓa ta ba.

Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa sani ba. Shi da ya ga haɗurran mota iri-iri, yau lambar Adda ma ya kasa dannawa, sai Sunday ne ya danna masa. Ba ta shiga. Gonar ba sabis, kuma ya san da haka tun kafin a gwada. Sunday ya ƙulle jarkar a leda ya tura masa. "Tafi da ita, Baba. Likita zai nemi sunan maganin."

Bai san motar nan na da irin wannan gudu ba. Tana kuka yana taka ta, bakinsa na Innalillahi, ransa na can. Yanzu an shimfiɗa ko ba a shimfiɗa ba? Wataƙila yarinyar na bayan uwarta. Wataƙila sun ji wari sun jefar. Ai dole su ji wari. Da wannan ya riƙa lallashin kansa har ya iso ƙoramar da ya ƙetare da safe a bushe, ya tarar ta kawo ruwa. Ya bar motar a bakin gaɓa ya faɗa, ruwa iya ƙugu, ya fita ya kama gudu cikin taɓo, mutum mai shekara kusan sittin, takalmi ɗaya a ƙafa.

Ruwa ya ɗauke, mata sun fita gona. Adda kaɗai ya samu a bakin bukka tana tsince wake. Ta gan shi ta washe baki.

"Malam Maikasuwa, mantuwa ka yi? Allah ya yi maka albarka. Muna kwance kaya muka ji ƙamshin fiya-fiya, na ce ku ji mutumin kirki, har maganin kuɗin cizo ya fesa mana."

"Adda, ina yarinyar?"

"Tana ciki. Tun ɗazu take barci abinta, ko motsi ba ta yi."

Ya kutsa bukkar. Nafisat na kwance a kan katifar atamfa, daga ita sai ɗan kamfai. Gumi ya jiƙa ta, yawu na dalala ta gefen baki, ƙirjinta na wani ƙugi. Ya ɗauke ta, wuyanta ya langaɓe. Ya fito yana cewa a kawo ruwa da sabulu, a kira uwarta, kada kowa ya ƙara taɓa shimfiɗar nan. Adda ta wanke ta. Kaltume ta iso a guje da ƙasar gona a hannuwanta.

A ka ya ɗora yarinyar suka ƙetare ƙoramar, uwar na riƙe da rigarsa.

A asibiti a Kazaure ya miƙa ledar. Ma'aikaciyar jinya ta karanta jikin jarkar, ta ɗago. "Wa ya haɗa wannan da shimfiɗar jaririya?"

Yana iya cewa hanya ce ba kyau, ko murfi ne. Ya ce, "Ni ne."

Kaltume ta dube shi sau ɗaya, ta bi 'yarta ciki.

Kwana uku yana zaune a gindin wata bishiya a harabar asibitin. Zulaiha na kawo abinci tana komawa da shi. Duk wanda ya fito daga ɗakin yara sai ya bi shi da kallo, in kuwa ya ji kukan mace sai ya rufe ido ya jira a zo a faɗa masa. Da hantsin rana ta huɗu ya hango Kaltume ta nufo shi.

"Ta kama nono tun jiya," in ji ta. "Sun sallame mu."

Ya buɗe baki zai ba ta haƙuri, ta girgiza kai.

"Baba, tashi ka kai mu gida. Rana na yi mata yawa."

Da suka isa motar, ta buɗe gidan gaba da kanta ta zauna, 'yar a cinya. Ya shiga ya zaro makulli. Sau uku yana kai shi bakin ramin, yana kaucewa. Kaltume ta ga hawaye na sauka a gemunsa, ta mai da fuskarta taga, ta jira shi.