Akwatunan Jami'a da Ƙwan Zabuwar Inde

Tanko bai yi lakwal mai nisa ba, bokonsa kaɗan ne. Ɗan garin Safo ne. Ya koyi ɗaurin wayar wuta a Maraɗi, ya daɗe yana gyara wa masu lambu injin ban-ruwa a bakin tabki, har furfura ta fara fito masa. Da wata jami'a ta buɗe ƙaramin reshe a Madarumfa don ɗaliban noma da kiwon kifi, aka ɗauke shi kula da ɗakin ordinatar, wato kwamfuta. Aikinsa goge tebur, cusa waya, da hana ɗalibai cin gyaɗa a ciki.

Ordinatocin ɗakin ba cikakku ba ne. Ƙananan baƙaƙen akwatuna ne da aka jera cikin wani kabad ƙarƙashin dogon tebur. Ba su da tunanin kansu: wata babbar na'ura a Maraɗi ke yin aikin duka, su nasu kawai su nuna a gilashi. Tanko yakan ce ya san ma'aikata da yawa masu wannan hali. Abu ɗaya akwatunan suka iya da kansu, shi ne ɗumi. Da yake hasken rana da batir ke ba su wuta, ba sa mutuwa, kuma ɗuminsu ba ya hawa ba ya sauka, daidai da na cikin kaza.

Zabuwa ba ta iya kwanci. Kaza ake ba ƙwanta, ita kuma kaza sai ta ga dama. Akwati ba ya ganin dama. Don haka wata damina Tanko ya shimfiɗa ƙaiƙayi cikin kabad, ya ajiye ɗan kwanon ruwa, ya jera ƙwai tsakanin akwatuna, yana juya su safe da yamma. Suka ƙyanƙyashe. Tun daga nan kowace damina matan garuruwan Safo da Sarkin Yamma ke aiko masa da ƙwai. Wani ɗalibi ya taɓa kai ƙara cewa ordinatarsa tana tsiyau-tsiyau. Tanko ya ce masa sabuntawa take yi.

Sai labari ya zo cewa masu ƙera akwatunan sun daina ƙera su, babbar na'urar ma ta kusa daina gane su. Aka kafa komite ya zaɓi wasu. Doktar Mansur daga Maraɗi shi ne shugaba, ga Madam Sa'adatu mai sayen kaya, sai Tanko, saboda dole a samu mai ɗauko kujeru.

Ana cikin haka Inde, yayar uwarsa, ta sauko daga amalanken jaki rungume da ƙwaryar ƙwai. Mota ta take farar zabuwarta, wadda ita kaɗai ta rage cikin irin da marigayi mijinta ya bari.

"Ga abin da ta bari," in ji ta. "In suka lalace, irin ya ƙare."

"Inna, tashin akwatunan za a yi."

"Wa ya taɓa tada kaza tsakiyar kwanci? Ku jira su."

Tanko bai damu sosai ba. Ya san komite. Komiten da aka kafa don gyaran famfo ya fi famfon daɗewa.

Ranar taro aka baje samfuri uku a kan tebur, aka cusa musu wuta. Doktar Mansur ya yi bayani mai tsawo, Madam Sa'adatu ta yi ta latsa wayarta. Tanko, wanda bai taɓa magana a taro ba, ya ga ya kamata ya ɓata sabbin akwatunan tun da wuri don a ci gaba da nema. Ya ɗauki na farko ya ɗora a fatar ido, ya ajiye. Na biyu ma haka. Na uku ya daɗe riƙe da shi a kumatu.

"Malam Tanko, lafiya?" in ji Doktar.

"Wanga ba shi da rai, Doktar. Tun safe yake cin wuta, ga shi kamar randa."

"Ba ya zafi ko kaɗan?"

"Ko kaɗan."

Doktar Mansur ya buga tebur don murna, ya ce abin da ake nema ke nan. Aka zaɓi na uku nan take bisa shaidar ma'aikaci mai ƙwarewa, aka yi wa Tanko godiya, ya mayar da kujeru.

Sabbin akwatuna suka iso da saurin da bai taɓa gani ba a aikin jami'a. Mota ta kwashe tsofaffin, ƙwan Inde kuwa da saura. Ya kai su wurin kazar maƙwabci, ta dube su ta tafi kiwo. Ya gwada bayan firjin direktar, wurin ya yi zafi da yawa. Sai ya karɓi tsohon zanen matarsa, ya naɗe ƙwan cikin auduga, ya ɗaure a cikinsa, ya zuba babbar riga.

Haka ya haɗa sabbin akwatunan duka, a tsaye, bai duƙa ko sau ɗaya ba. Sallah a zaune, barci a jingine. Liman ya yi masa addu'ar samun sauƙi. Madam Sa'adatu ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Malam Tanko, yaushe suna? A faɗa mana mu yi anko." Ya danne dariyarsa, don dariya ma tana girgiza ciki.

Ranar da ya ji ana tsattsage shi ta ciki, ya kama hanyar Safo a ƙasa, don babur ba zai yiwu ba. Ya kwance zanen a tsakar gidan Inde. Wasu ƙwan sun lalace. Sauran sun fashe, ƴan jiƙaƙƙun abubuwa suna tangaɗi kan tabarma, da yawansu farare.

Inde ta daɗe tana kallonsu, sannan ta dubi cikin ɗan ƙanwarta, duk ƙuraje da ɓawon ƙwai.

"Sabbin akwatunan naku fa?"

"Sanyi gare su, Inna. Shekaru za su yi."

"To ba komai," in ji ta. "Baɗi ka ƙara faɗin zane. Maƙwabciyata Delu ma ta ce in yi maka magana kan nata ƙwan."

Tanko ya roƙi ruwan wanka, sannan ya kwanta rub da ciki a inuwar rumbu.