Goge Huɗu a Falona

Shekara tara ina aikin haɗa magunguna a wani asibiti a Jidda, duk wanda ya tambayi sana'ar mahaifina sai in ce manomi ne. Yana da 'yar gona kam. Amma da goge ya ciyar da mu, kuma kowa ya san irin kallon da ake yi wa mai goge a wajenmu.

Wata likita 'yar ƙasar Hangare ce ta tono ni. Na kai mata takarda ofis, na tarar da kiɗa yana tashi: goge huɗu na Turawa, biyu ƙanana, ɗaya matsakaici, ɗaya ƙato mai muryar dattijo. Ba ganga, ba waƙa. Ta ce kiɗan ƙasarsu ne, na zamanin da makaɗansu suka gaji da daɗaɗa wa kunne suka bar gogen ya yi faɗa. Ni dai izga na ji tana cizon tsirkiya, har ƙamshin ƙaron da Baba ke shafa mata ya dawo mini. Ta tura mini a waya, na kamu.

Mu 'yan Najeriya da ke unguwar Safa muna cin abinci tare bayan sallar Juma'a, gida-gida. Ranar da layi ya zo kaina na manta ban kashe kiɗan ba. Babbanmu, wani Alhaji injiniya, ya tsaya a bakin ƙofa da takalmi ɗaya a ƙafa.

"Yalla, kashe! Goge, a ƙasa mai tsarki?"

Har zan kashe, don girmansa ya kai. Sai abokina, malamin jami'a, ya tashi kare ni.

"Haba Alhaji, wannan ai kiɗan masu ilimi ne, a rubuce yake. Ba gogen 'yan tasha ba ne, irin na mutanen banza."

Aka yi dariya, Alhaji ya cire ɗaya takalmin ya ce, "To, halas." An wanke ni ke nan, da ruwan zagin ubana.

Raina ya ɓaci, kuma da kaina na fi jin haushi. Na ƙara murya daidai inda ƙaramin gogen ke kuka shi kaɗai.

"Malam, ka ji wannan wajen? Mahaifina ya fi wannan Baturen iya shi, da tsirkiya ɗaya. A tasha yake kiɗa. Da shi ya sa ni makaranta."

Alhaji ya dubi shinkafa, ya dube ni.

"Ba ka ce manomi ne ba?"

"Na ce. Allah ya yafe mini, shi ma ya yafe mini a kabarinsa. Bismillah, abinci zai huce."

Mutum biyu suka tuna suna da uzuri. Sauran suka ci, ban rage murya ba. Da mako ya zagayo wani sabon zuwa ya tambaye ni ɗan wane ne ni a garinmu, kafin in buɗe baki Alhaji ya ce, "Manomi ne babansa."

Na ce, "Mai goge, Alhaji."