Akwatin Maganin Direban Lome

A tashar Nima, Madina tana hararar direban Fijon da zai kai tsohuwarta Lome. Ba ta san shi ba, amma jininsu bai haɗu ba. Idanunsa jajur, yana ta cika baki wai jandarman Togo ba su isa su tsare shi ba: ga abin kashe gobara, ga safaya taya, ga akwatin magani.

Sai ya juya baya, ya buɗe akwatin nan, ya zaro kwalbar barasar akpeteshi ya kurɓa, ya bi da goro don kashe wari. Da ganin saurin hannunsa, ba yau ya fara ba.

Madina ta fizgi ƙofar motar. "Mma, sauko. Jandarma akwati suke dubawa, ba sa shinshina baki. Ni kuwa uwa ɗaya gare ni."