Tsarabar Ganye Zuwa Arewacin Kanan Bakashe

Ana sallame sallar asuba muka nufi tashar Tasawa, ni da Inna, yayar mahaifiyarmu. Ni da buhu a kafaɗa, ita da kwando a ka. Tun da muka dawo ake tambayata abin da ya kai malamin lakwal, wato makarantar boko, daji cikin wannan zafi, to ga yadda aka yi.

Ƙanwata tana aure a wani ƙauye arewa da Kanan Bakashe, wajen hanyar El Alasan Mai Rairai. Cikinta wata bakwai. Mijinta ya tafi cin rani Agadas tun da damina ta ɗauke hatsi bai nuna ba. Kwanakin baya ta hau tudun da suke samun rezon waya ta kira ni. Ta ce ta je awo, majon likita, wato ma'aikacin asibitin, ya duba idonta da tafin hannunta, ya ce jininta ya yi ƙasa ƙwarai, sai ta dage da cin ganye, hanta, ƙwai da kifi. Ta kwashe da dariya ta ce, "Yaya, kifi hwa ya ce! Ni da rabona da ganin ɗanyen tumati tun sallar layya." Ita dariya ta yi, ni kuwa maganar ta tsaya mini a rai.

Inna ta fi shekara talatin tana sayar da kayan garka, wato kayan lambu, don haka ita ta yi cefanen. Shu, wato kabeji, manya guda shida, karoti, salati, tumati, albasa, lemu, busasshen kifi, da ƙwai da ta binne cikin dusa a kwano. Tun da soja suka karɓi mulki aka rufe iyaka komai ya tashi, kuma ko da aka buɗe, farashi bai sauko ba, kamar shi bai ji sanarwar a rediyo ba. Kashin tumatin da muka saba saye dala ashirin sai da muka ba da hamsin, wai ma don Inna ce.

Motar da muka samu tsohuwa ce, ƙofarta da igiya ake ɗaurewa. An loda mata buhunan shinkafa da kwalayen taliya, aka jera mu a kai, aka ƙara da awaki biyu. Tun ba mu fita gari ba ɗaya akuyar ta gane abin da ke cikin kwandon Inna. Daga nan har Kanan Bakashe yaƙi aka yi: akuya ta miƙo wuya, Inna ta ɗaga takalmi. Mai akuyar ya ce a yi mata uzuri, ita ma rabonta da kore tun kaka.

A shingen jandarma aka duba katin kowa. Jandarman ya dafa buhuna ya ce mi ke ciki. Kafin in buɗe baki Inna ta ce, "Jini ne, ɗana, za mu kai ma mai ciki." Ya ja da baya ya ce a kwance. Da ya ga shu da karoti ya yi dariya har ya kira abokin aikinsa ya zo ya gani, ya kuma yi mana addu'ar Allah ya sauke ta lafiya.

Hantsi ya yi muka isa Kanan Bakashe. Itatuwan goriba sun yi layi a kwarin Gulbin Kaba, kwarin kuwa ƙayau, sai rairayi. Ba ranar kasuwa ba ce, rumfuna duk wofi. Muka karya da ƙosai da koko wajen wata mata a gindin bedi, wato dogon yaro, masu zafi, da yaji mai sa hawaye. Na ce mu ɗauki moto biyu, wato babur, mu isa da wuri. Inna ta ce ita ba buhun gawayi ba ce da za a ɗaure ta bayan ƙarfe, kuma ƙwai ba su san gaggawa ba. Dole muka hau amalanken sa.

Awa uku muna cikin rairayi. Dama da hagu gonaki ne tsirara, ko karan ba a bari ba, an kwashe wa dabbobi. Rumbuna da yawa an sauke musu jinka, alamar babu komai ciki. A wata rijiya muka ga sa yana jan guga, yana tafiya har ya kusa ɓace mana kafin gugan ya fito. Na tambayi mai amalanken me ya sa ba sa yin garka. Da bulalarsa kawai ya nuna mini tsawon igiyar. Ya ce kasuwa sau ɗaya ce a mako, tafiyar rabin yini, kuma masu kayan ɗanye ba su cika zuwa ba, don kafin azahar rana ta dafa musu haja. Inna dai tana ta yayyafa wa salatinta ruwan butarmu, tana rufe shi da gefen mayafi kamar jariri.

Ƙauyen bai kai gida arba'in ba. Mai tebur ɗaya ne. Na tsaya na ƙare wa teburin kallo: magi, gishiri, sukari, ganyen shayi, ashana, sabulu, alewa, batir. Na ce ko yana da albasa. Ya ce, "Sai ranar kasuwa, malam, in an dace." Abincin gari kuwa hura da safe, hura da rana, tuwon hatsi da miyar kuka da yamma. Ba wanda ke kwana da yunwa tukuna, amma kullum abu ɗaya ne.

Sai ga ƙanwata ta fito. Leɓenta fari, in ta yi taku goma sai ta dafa danga ta huta, amma bakin nan nata na tsiya yana nan. Ta ce na yi ƙiba kamar ɗan majalisar da aka rusa. Muka zube kaya a tabarma, tsakar gida ta yi kore da ja, mata suka cika gidan da barka da zuwa. Na yi mata lissafi: kaza yau, kaza gobe, in ta bi a hankali zai kai ta mako biyu. Ta ce to. Na fita gaida mai gari da dattawa.

Bayan la'asar na dawo na tarar da buhu a kwance kamar an zare masa rai. Shu ɗaya ya rage, da ƴan karoti. Ta raba. Kowane gida an kai masa kashi a faifai. Raina ya ɓaci, na fara faɗa, na ce don ita muka sha wannan rana, ba don gari ba. Ta bari na gama, sannan ta ce, "Yaya, in shiga ɗaka in ci salati, maƙwabciyata da cikinta ya fi nawa tsufa tana jin ƙamshin albasa? Ranar da na faɗi bakin rijiya su suka ɗauko ni. Kai kana Tasawa." Ban san ma ta taɓa faɗuwa ba. Inna kuwa ta kwance ƙullin zannuwanta, sai ga kwanon ƙwai da kifin duka, ashe ta ɓoye su. Ta ce, "Ni na yi goyon uwarku, na san halin gidanmu."

Washegari da safe faifai suka fara dawowa, kuma babu wanda ya dawo wofi. Wannan da wake tafi biyu, waccan da busasshiyar yakuwa, wata Bafillatana da ƙwaryar nono. Matar mai wa'azin ƴar majami'ar Kiristocin garin ta kawo ɗanyen zogale cike da kwano, daga itace biyu da take raya su da ruwan wanke-wanke. Inna ta dafa shi ta kwaɗa da ƙuli-ƙuli da albasa, muka zauna muna kallon ƙanwata har ta suɗe kwanon. Na ji kunyar faɗan da na yi. Amma da na dubi abin da aka tara, na ga duk alherin garin ba zai wuce kwana huɗu ba, kuma daga bakin ƴaƴansu suka cire shi.

Sai muka je wajen uwar mijinta. Tsohuwa ce, ido ya yi rauni, daka da ɗiban ruwa duk ƙanwata ke yi mata. Na yi ta kewaye-kewaye da gaisuwa, na tambayi rani, na tambayi dabbobi, har Inna ta gaji ta faɗi abin da ya kawo mu: muna roƙon a ba mu ita ta haihu a Tasawa. Tsohuwar ta daɗe tana jan carbi. Ta ce, "Ɗiyata ta fari cikin amalanke ta cika, a hanyar likita, da ciki. Ba ni son in ga ta biyu. Ku tahi da ita. Daka kuwa, wanda ya ci shu jiya ai ya yi mini." Muka hau tudun rezo aka kira mijin, ya ce abin da tsohuwa ta yanke shi ne.

Mun tafi mu biyu, muka juyo mu uku da rabi. Mata suka rako mu har bayan gari, ana ta saƙon a gaida birni. Mun dace ranar kasuwar Kanan Bakashe ce, rumfunan da muka bari wofi sun cika maƙil. Na sayi tsiren hanta na miƙa wa ƙanwata, na tsaya a kanta kamar dogari don kada ta ga wata mai ciki ta raba. Kafin magariba muna gida. Yau kwananta tara, ta fara kaiwa ƙofar gida ba tare da ta dafa bango ba, kuma ta riga ta sa Inna alkawarin aika kwando da mai amalanke duk ranar kasuwa, don masu ciki uku ta baro a garin.

Shekara goma sha ɗaya ina koya wa yara darasin abinci mai gina jiki. Ina zana kifi da lemu a allo, ina cewa kowa ya faɗa wa uwarsa ta riƙa dafa musu, in sa jan biro ga wanda ya manta. Rabin ajin nan ƴan ƙauye ne da aka kawo karatu. Ban taɓa tambayar ko ɗayansu nisan kasuwar garinsu ba. Ranar Litinin darasin zai sake zagayowa, kuma da wannan tambayar zan fara.